Yawun Baba Ya Yi Magana

Ku da kuke ta cika min waya da tambayar ko an sa rana, ku dakata da ɗinkin anko. Ba a sa ba. Abin da ya faru jiya Juma'a ma da ƙyar na iya zama in rubuta muku shi, don haka in kun ga maganata tana tsalle-tsalle, ku yi min uzuri.

Ga wanda yau ya fara bina: sunana Jannatu, gidanmu yana unguwar Limanti a Maiduguri. In ka hau keke napep ka ce a kai ka gidan Alhaji Ridwan mai laffaya, sai direba ya yi ta bulayi da kai har mai ya ƙare. Amma ka ce gidan Indiya, ko ido rufe zai sauke ka a ƙofarmu.

Sunan daga Baba ya samo asali. Fari ne sol, hanci har baka, ga suma mai santsi wadda ko hular zanna ba ta zama a kanta sai ya danna. Labarin da na tashi ina ji shi ne, kakana Malam Ya'akubu ya bar Kano a ƙasa zuwa aikin hajji, tare da ƙanwarsa Gambo. Suka zauna a Makka shekara shida. A can ya auri wata Ba'indiya, ta rasu wajen haihuwa, ya juyo da jariri. Da suka iso Maiduguri suka ya da zango, shi ke nan ba su ƙarasa Kano ba. Jaririn nan shi ne Baba. Ƙanwar kuma ita ce Goggo Gambo, wadda ta goya shi, ba ta taɓa aure ba, tana nan a ɗakin ƙurya na gidanmu har yau, shekara tamanin ba ɗaya.

Baba fa ba ya wasa da wannan labari. Ba ya jin Indiyanci ko na sayen ruwa, amma in ya ga Ba'indiye a talabijin sai ya gyara zama ya ce, "Ku yi shiru, dangin uwata na magana." Duk Juma'a kuma sai an soya masa, wato waina, an raba sadaka, ladan ya kai kabarin uwar da bai taɓa gani ba. Goggo ce ke suyar da hannunta, ba ta yarda ko Mama ta taɓa tandar.

To, ta nan Zayyad ya shigo mana.

Shekara ɗaya da rabi ke nan. Ya je shagon Baba sayen laffaya wa mahaifiyarsa, ya ji ana cewa Alhaji Indiya, sai ya nemi wuri ya zauna har la'asar. Ashe karatu yake yi a Haidarabad ta Indiya, a kan asalin mutanen Indiya da Pakistan da maƙwabtansu, ta hanyar gwajin ƙwayar halitta. Bayan sati ɗaya sai ga shi a ƙofar gida, wai ya zo gaishe da Baba. Ni na kai masa ruwa. Bayan wani satin ya dawo, wannan karon ba Baba ya zo gaisarwa ba.

Kun san zancen samarin yanzu, daga "kin yi kyau" sai "me kika ci". Shi kuwa darasi yake ba ni a zaure, ni kuma sakarya ina washe baki. Ya ce kowane namiji yana ɗauke da zare biyu da ba sa cakuɗuwa. Zaren uwa, uwa ke ba 'ya'yanta duka, amma mata ne kaɗai ke miƙa shi gaba. Zaren uba kuwa daga uba sai ɗa namiji, haka har iya inda duniya ta faro. Ya ce masana sun ba kowane reshe harafi. A Indiya, mafi yawan mutane zaren uwarsu harafin M ne, wanda ya yi dubban shekaru a ƙasar. Maza ne suka yi ta shigowa daga nan da can, shi ya sa zaren uba ya fi yawan rassa.

"Kin ga in na gwada Baba, na tabbata M zan gani ta wajen uwa," in ji shi. "In an yi sa'a ma a gane yankin da ta fito."

"To gwada ni mana."

"Naki yawun ba zai yi min amfani ba. Zaren Mama kika ɗauko."

Na yi ta dariya har da riƙe ciki. Ranar da aka gaya wa Baba maganar gwajin kuwa, wanka ya sake, ya sa babbar riga, kafin ya tofa yawu a 'yar kwalbar roba. Ya sa hannu a wata takardar Turanci ba tare da ya ce a karanta masa ba. Ya ce, "Ai kai ɗa ne."

Wata bakwai ke nan da yin haka. Duk sanda Baba ya tambaya, sai Zayyad ya ce layi ne ya yi yawa a wurin gwajin. A tsakanin nan sau biyu danginsa suna cewa za su zo sa rana, sau biyu suna ɗagawa. Na farko wai Hajja, mahaifiyarsa, ba ta jin daɗi. Na biyu wai kawunsa ya yi tafiya. Ni ban kawo komai a raina ba, tunda kullum sai na farka na tarar da saƙonsa, yana kirana Aljannarsa.

Jiya da hantsi ina tsakar gida ina turara sabuwar laffayata ruwan zuma a kan kasko, sai ga Tabitha. Ƙawata ce tun sakandare, 'yar Biu, tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Ta gaishe da Mama a gurguje, ta ja hannuna zuwa ɗaki, ta turo ƙofa.

"Lafiya? Kin shigo kamar an biyo ki."

"Zauna tukuna. Yaushe rabonki da Zayyad?"

"Ɗazu ma mun yi waya."

Ta buɗe wayarta ta miƙo min. Ta ce shekaranjiya an yi wani taro ta intanet na masu irin aikinsu, mutum sama da ɗari biyu, ciki har da 'yan garin nan, Zayyad yana cikin masu jawabi. Hoton allon jawabinsa ne ta ɗauka. A sama an rubuta da Turanci: wani iyali a Maiduguri da ake wa laƙabi da Indiya. A gefe ga hoton shagon Baba, an ɗan dusashe rubutun allon, amma ga laffayoyinmu a rataye, ga kujerar Baba mai hannu ɗaya. A ƙasa layi biyu. Uwa: L. Uba: H.

"Ina M ɗin?" na ce.

"Babu M, Jannatu."

"To kuskure suka yi."

"Saurara." Ta riƙe min gwiwa. "L ta wajen uwa, namu ne, na Afirka. Ni ma in an gwada ni kusan shi za a gani. H ta wajen uba kuwa, da wuya ki same shi in ba a mutanen Indiya da kewayenta ba, ko waɗanda asalinsu can ne. Kin gane? Jinin Indiya yana nan, ba ƙarya ba ne. Amma ba ta mace ya shigo ba."

Ƙwaƙwalwata ta gane, zuciyata ce ta ƙi karɓa.

"Kina nufin Malam Ya'akubu..."

"Ni ban ce komai ba. Takarda ce ta ce. Kuma Allah ya sani ban yi barci ba, ina ta tunanin in gaya miki ko in yi shiru. Abin da ya sa na zo, a ƙasan hoton akwai ranar da sakamakon ya fito. Duba."

Na duba. Wata biyar da suka wuce.

Jama'a, wata biyar. A cikin wata biyar ɗin nan mutumin nan ya zo hutu, ya zauna a tabarmar Baba, ya ci burabusko da miyar da na tsaya na yi masa da hannuna, ya ce a ƙara. Baba ya tambaye shi a gabana, ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Layi ne, Baba." Ni kuwa ina bayan labule ina jin daɗin na samu mai kunya.

Ban kira shi ba, don na san in na ji muryarsa zan iya yin laushi. Na tura masa hoton kawai. Nan take alamar ya gani ta fito. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Shi ne abin da ya dame ka?"

"Aljannata, ki kwantar da hankalinki. Ban sa sunan kowa ba."

"Gidan Indiya nawa ne a Maiduguri?"

"Ilimi ne fa. Kuma Baba ya sa hannu."

"Ya sa hannu ne don ka nemo masa garin uwarsa, ba don ka tsaya gaban mutum ɗari biyu ka cire masa uba ba. Wa ka gaya wa kuma?"

Ina ganin yana rubutu yana gogewa.

"Hajja ta matsa min da tambaya. Uwa ce, ba zan yi mata ƙarya ba."

"Amma nawa uban ka iya yi masa."

"Ba haka ba ne. Ta ce dai ba za a sa rana ba sai an san asali. Kin san mutanenmu. Na yi ta lallashinta, wallahi. Jiya kawu ya karɓi takardar, ya ce zai ba Baba in sun haɗu a masallaci yau, su ji ta bakinsa."

Na kalli agogo, sha ɗaya saura. Baba daga shago yake wucewa masallaci.

Tambaya ɗaya ta rage min, na san bai kamata in yi ba, amma kun san ni.

"Ranar da ka fara zuwa gidanmu, ni ka zo nema ko yawun Baba?"

Sai saƙo ya shigo, dogo. Layin farko kawai na karanta: "Gaskiya da farko binciken ne ya kawo ni, amma daga baya..." Na kife wayar a kan gado. Wanda ke son jin daga baya, ya je ya tambaye shi.

Ban yi kuka ba a lokacin. Abin da ke cina shi ne kalmar da za a jefi Baba da ita. Kun san ta, ba sai na rubuta ba. Mutum mai shekara sittin da biyu, mai jikoki, wanda ake ba shi sahun gaba, a wayi gari ana nuna shi da baki a Limanti. Tabitha ta ce in kira shi in ce kada ya karɓi komai a hannun kowa. In ce masa saboda me?

Sai ƙamshin masa ya shigo ta taga.

Mutum ɗaya ce a duniya da ta je Makkar nan kuma take da rai. Na raka Tabitha ƙofa, na zagaya madafa.

Goggo tana zaune a 'yar kujerarta, ta ɗaure kai da tsohon ɗankwali, tana zuba ƙullu a tanda. Ba ta ɗigar da ko kaɗan. Na tsaya ina kallonta, sai wani abu ya faɗo min wanda na sani tun ina yarinya ban taɓa auna shi ba. Goggo tana kiran kowa da sunansa gatsal, har limamin unguwa. Amma ban taɓa jin ta ce Ridwan ba. Sai dai "mai shago", ko "wancan". Wace goggo ce ke alkunyar sunan ɗan wanta? Ɗan fari ake wa haka.

"Uwar tsiwa, kin tsaya min a ka kamar mai bin bashin gaisuwa. Miƙo min mai."

Na miƙa mata, na durƙusa.

"Goggo, yaya sunan matar Malam ta Makka?"

"Na manta."

"Kamanninta fa?"

"Fara ce. Tashi ki ba ni wuri."

"Sakamakon yawun Baba ya fito. Ya ce uwarsa baƙar fata ce irinmu. Ubansa ne Ba'indiye."

Ba ta ɗago ba. Masar da ke ramin tsakiya ta fara ƙonewa, tana kallonta, ba ta juya ta ba. Na karɓi cokalin na kwashe.

"Yawu ne ya faɗi haka?"

"Shi ne."

"Ikon Allah. Na rufe bakin mutane shekara sittin, ashe yawu ne zai yi magana."

Daga nan ta fara, a hankali, idonta a kan wuta. Sunansa Abdulgafur, tela ne, shagonsa yana kusa da inda suke haya. Tana da shekara goma sha shida aka ɗaura musu aure, Malam ne waliyyi, shaidu huɗu, sadaki zobe da keken ɗinki. Tana da ciki wata biyar aka aiko masa uwarsa ba lafiya. Ya hau jirgin ruwa, ya ce kafin ta haihu ya dawo. Ta haihu, ta yaye, ba shi ba labarinsa. Ko jirgin ne ya nutse, ko danginsa ne suka riƙe shi, ko shi ne ya ga dama, har yau ba ta sani ba.

"Da za mu taho, Malam ya ce, Gambo, shaidunki biyu sun mutu, biyu sun koma ƙasarsu, ba mu da takarda. Yarinya ta dawo daga uwa duniya da farin yaro ba miji, wa zai yarda? Amma namiji in ya ce matata ta mutu, ba mai ce masa kawo shaida. Sai ya ce a juya labarin. Ya sa na dafa Alƙur'ani. Ko Kano ma ƙin ƙarasawa ya yi, don can an san mu."

"Shi ya sa kika ƙi aure?"

"Da igiyar mutum a kaina? An ce aljani ya aure ni, an yi min rubutu na sha har na gaji. In je gaban alƙali in ce a raba auren da na rantse ba a taɓa ɗaurawa ba?"

Na kalli kwandon masar, ya kusa cika. Sadakar mamaciya, ga mamaciyar zaune tana suya. A nan kukan ya zo min, kuma ba na tausayi kaɗai ba ne, har da haushi. Haushin Malam da ke kabari, haushin Goggo kanta. Sau nawa Baba ya zauna a gabanta yana cewa da ma ya ga uwarsa ko a mafarki, tana jinsa, ta ce ya ci abinci kada ya huce?

"Goggo, kin cuce shi."

"Na sani."

"Yau za a ba shi takardar a masallaci. In kika yi shiru, za su ce ba ta hanyar aure aka same shi ba."

Ta kama hannuna da hannunta mai maiƙo, ta matse.

"Ke za ki karanta masa, ai ba ya jin Turanci. Ki ce masa Indiya ce, ki ƙirƙiro gari. Jannatu, saura kwana nawa gare ni? Ki bar ni in mutu ina goggonsa. In ya sani, da wane ido zai dube ni?"

"Mutanen waje fa? Sun riga sun sani."

Ta ci gaba da zuba ƙullu.

Ƙarfe biyu da rabi muka ji sallamarsa. Ya shigo da farar babbar riga, ƙamshin turarensa ya riga shi, ambulan ruwan ƙasa a hannu, yana murmushi har kunne.

"Wushe-wushe, mutanen gida! Ina Jannatu? Maman yara, fito ki ji. Goggo, taso, yau ranarki ce, za ki tuna garin matar wanki."

Ya zauna a tabarma ƙarƙashin dogon yaro, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Mama ta fito tana goge hannu. Goggo ba ta taso ba, tana bakin madafa, bayanta jingine da bango.

"Kawun Zayyad ne ya ba ni. Mutumin yau fuskarsa ba yabo ba fallasa, wai in sa a karanta min, gobe zai zo mu tattauna. Na ce ai maganar rana ce, Allah ya kai mu." Ya miƙo min ambulan ɗin. "Bismillah. Fara da wajen uwata. Wane gari ce?"

Na buɗe. Layi biyun nan ne dai, da tambari a ƙasa, da sa hannun Zayyad mai lanƙwasa wanda na taɓa cewa yana da kyau. Na kalli Goggo, ta girgiza min kai kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani. Garuruwan Indiya da na sha ji a bakin Zayyad suka jeru a harshena, ko wanne na ɗauka Baba zai karɓa da hannu biyu. Zai yi farin ciki yau. Gobe kuma baƙo ya zo har zaurensa ya gaya masa abin da 'yarsa ta ɓoye.

"Baba," na ce, "takardar ta ce mahaifiyarka 'yar ƙasar nan ce. Ta ce mahaifinka ne mutumin Indiya."

Ya yi dariya, ya dubi Mama.

"Kin ji 'yar boko. Kin juya takardar ne, uwata. Sake dubawa da kyau."

"Na duba, Baba."

"To su ne suka juya ta. Malam Ya'akubu ne Ba'indiye? Mutumin da ya fi gawayi..." Bai ƙarasa ba. Dariyar ta tsaya masa a fuska, ya dube ni, ya dubi takardar, ya ga hawayena. Hular ta zame daga gwiwarsa, bai ɗauka ba.

Sai muka ji ƙarar 'yar kujera. Goggo ce ta dafa bango ta miƙe. Ta taho a hankali, ba sanda, har ta tsaya a bakin tabarmar, inda bai fi taku ɗaya tsakaninsu ba.

"Ba wanda ya juya takarda," ta ce. "Yarinya ta karanta daidai."